Kafin Ki Faɗi Wanda Ya Ci Muhawarar Dapaong

Zongo, Sokode.

Zuwa ga 'yata Balkisu, mai sunan mahaifiyata, wadda nake kira Uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ki a garin da kika sauka, Ya haɗa ki da mutanen kirki a gida da wurin aiki. Mu nan lafiya lau muke. Innarki tana gaishe ki. Ga ta nan gefena a tsakar gida tana tsintar wake, ta kuma gargaɗe ni cewa duk inda ta shiga cikin takardar nan sai na karanta mata kafin in ba direba.

Ba labarin gari zan ba ki ba, wannan aikin innarki ne a waya, ta kuma fi ni iyawa. Ni in na riƙe waya sai maganar ta gudu, in tsaya ina tambayar ki ko kin ci abinci. Shi ya sa na nemo biro.

Ranar da kika kira kika ce gidan rediyonku ya ɗora miki aikin muhawarar 'yan takarar sanata, wallahi ban san lokacin da na miƙe tsaye a bayan tebur ba. Wata mata ta zo sayen tsoka, na haɗa mata har da hanta ban lura ba. Kafin azahar babu mahaucin da bai ji ba a layinmu, cewa 'yar Sani ce za ta zauna gaban manyan mutane biyu su yi ta zuba Faransanci, in sun gama ita kuma ta juya ta gaya wa masu jin Hausa, daga zongon Dapaong har Korbongu da Tanjuware, abin da kowa ya faɗa da yadda maganar kowa ta auna. Wasu ma ban bari sun gama amsa sallamata ba.

Amma ni ubanki ne, na ji abin da ke ƙarƙashin muryarki. Kin ce Alhaji Idi, aminina da kika sauka gidansa, shi da iyalinsa duk suna bayan dattijon nan da ku 'yan rediyo kuke ce wa mai ra'ayin riƙau, mai cewa a bar maganar filaye a hannun sarakuna da manyan gida, a riƙe tarbiyya, a daina gaggawar sauya abin da aka gada. Abokan aikinki kuma suna bayan lauyar, mai sassaucin ra'ayi, wadda ke cewa mace ta sami takardar gonarta da sunanta, a sauƙaƙa wa matasa buɗe sana'a, a bar kowa ya faɗi abin da ke ransa. Kika ce, "Baba, duk wanda na ce ya fi, akwai inda ba zan iya ɗaga kai ba, ko wurin cin tuwo ko wurin aiki." Har kika ƙara da cewa me ma amfanin wahalar, tunda ba talakawa ke zaɓen sanata ba, kansiloli ne.

Wannan ta ƙarshen ki ajiye ta. Kansila ba a sama yake kwana ba. Matarsa tana jin rediyo tana girki, mai shayin da yake zama wurinsa yana ji, in ya fito daga masallaci ko coci da maganarki za a tare shi. Aikinki yana da nauyi, shi ya sa kike jin tsoro, kuma tsoron bai ba ni haushi ba.

Ni ban taɓa ganin sanata ido da ido ba. Amma na taɓa zama a muhawara, na kuma yi shirme iri-iri a cikinta, wanda har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. Bari in ba ki labarin.

Lokacin ina saurayi, ina yanka a ƙarƙashin kakanki. Zamanin ne da baki ya buɗe a ƙasar nan, kowace sana'a tana kafa ƙungiya. Mutanen meri, wato ofishin magajin gari, suka ce mahautan Sokode su fid da mutum ɗaya da zai riƙa magana da yawunsu, domin ana shirin gyara mayanka. Sarkin Fawa ya ce shi ya tsufa da zaryar ofis, mu zaɓa a tsakaninmu. Mutum biyu suka fito.

Ɗaya Baba Danjuma ne, gajeren dattijo mai in'ina, wanda kafin ya gama magana ɗaya kin je kin ɗebo ruwa kin dawo. Shi cewa yake a bar mu a tsohuwar mayankarmu ta bakin rafi, a gyara abin da ya lalace a hankali. Ɗayan Isiyaka, wanda ya yi shekaru a Lome yana yanka wa wani otal nama. Ya dawo da farar riga da agogo da murya irin ta mai karanta labarai. Shi cewa yake a tashi daga bakin rafi, a gina sabuwar mayanka ta siminti da famfo a bayan gari, a sayi babban firji na kowa da kowa, likitan dabbobi ya duba kowace saniya kafin a sa mata wuƙa.

Ni kuwa Isiyaka ya tafi da imanina. Har tafiyarsa na koya. Na sa tela ya ɗinka mini farar riga irin tasa. Kin ji mahauci da farar riga! Ba ta kai la'asar ba ta koma ja.

Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin mangwaron bayan kasuwa, aka ce kowa ya faɗi abin da zai yi. Na zauna a gaba, hannuwana a shirye. Isiyaka yana yin sallama na fara tafi. In Baba Danjuma ya maƙale a kalma, mu samari sai mu kama tarin ƙarya. Magariba ta yi ba a gama ba, aka ɗage zaɓe zuwa wani zaman.

Kakanki bai je ba, ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Ina shiga zaure ya ce, "To, Sani, me Danjuma ya ce?"

Na ce, "Baba, ai bai ce komai ba. In'ina ya yi ta yi."

Ya ce, "In'inar a kan wace magana?"

Na ce, "Ban dai riƙe ba."

"To, shi Isiyaka fa?"

Na gyara zama na ce, "Kai, Baba, ya yi magana mai daɗi. Ya ce zamani, ya ce ci gaba, ya ce tsabta."

"Firjin nan, wa zai riƙe mabuɗinsa?"

"Bai faɗa ba."

"Bai faɗa ba, ko kai ne ba ka ji ba?"

 Kakanki ya yi dariya har sai da ya dafe ƙafar mai ciwo. Ya ce, "Ashe tafi na aike ka. Gobe in ka tashi daga kasuwa ka je gidan Danjuma, ka ce ni na ce ya maimaita maka."

Uwata, abin da ya same ni ke nan: na shiga taro da hukuncina a aljihu, sai kunnena ya zama ba shi da aikin yi. Ke kada ki shiga haka. Na san akwai wanda ranki ya fi kwanciya da shi cikin biyun nan, ba sai kin gaya mini ba, ni na haife ki. Wannan ba laifi ba ne. Amma kafin ki buɗe baki ki auna su, ki gwada kanki. Za ki iya faɗin maganar dattijon yadda Alhaji Idi zai gyaɗa kai ya ce, "Yauwa, abin da muke nufi ke nan"? Za ki iya faɗin ta lauyar yadda abokan aikinki za su ce ba ki rage komai ba? In kin iya duka biyun, kin sami izinin aunawa. In ɗaya kawai kika iya, to ba ki ji muhawara ba tukuna, rabinta kika ji. Ki kuma yi hattara da daɗin murya. Wanda ya fi iya Faransanci ba lalle ne ya fi gaskiya ba. Ba lalle ne kuma ya fi ƙarya ba, don akwai masu ƙin mutum kawai saboda ya iya magana, wannan ma wauta ce.

Washegari na je gidan Baba Danjuma ina jan ƙafa. Na same shi yana ba tumakinsa dusa. Abin mamaki, a cikin gidansa in'inar kusan babu ita, ashe taro ne ke tayar masa da ita. Ya zaunar da ni ya ce, "Sani, ka san masu tire da ke karɓar nama a hannun ubanka su zaga unguwa? Sabuwar mayankar can hanyar Sotubuwa za a kai ta. Mai babur zai je. Mai tire a ka fa? Sannan in yamma ta yi, ragowar nama muna sakar wa ƙananan mahauta da masu tuwo da sauƙi, don kada ya lalace a hannunmu. Da shi suke ci da 'ya'yansu. Ranar da firji ya zo, babu ragowa. Babba zai ajiye abinsa, ƙarami ya koma gida hannu wofi. Ni ba sanyi nake tsoro ba, wannan nake tsoro."

Muna cikin haka sai ga 'yan mata biyu sun shigo da kayan lakwal, wato na makaranta, da jakar littattafai a baya. 'Ya'yansa ne. A lokacin nan, a duk layinmu na mahauta, da wuya ki sami mai kai 'ya mace makarantar boko. Mutumin da muke yi wa kirarin maƙiyin zamani, shi ne ya riga mu. Shi kuwa Isiyaka ɗan zamani, daga baya na lura ba ya wuce ƙofar Sarkin Fawa bai cire takalmi ya durƙusa ba, masu zagin zamani a baki kuwa suna wucewa a tsaye.

Don haka sunayen nan naku, riƙau da sassauci, ki yi amfani da su kaɗan-kaɗan. A kunnen mutanenmu riƙau yana kama da taurin kai, sassauci kuma yana kama da sakaci, ga shi ba abin da ake nufi ke nan ba. Gara ki faɗi abin da mutum ya ce zai yi. Mai cewa a riƙe abin da aka gada, ki nemi sanin me yake karewa, wa ke fakewa a ƙarƙashin abin, wa kuma abin ya danne. Mai cewa a buɗe ƙofa, ki nemi sanin wa zai shiga, wa kuma za a bari a waje don ba shi da babur. Ki kula da yadda kike kiran su ma. Kada ki ce wa ɗaya "dattijo" ki ce wa ɗaya "wata mata", ko ki ce wa ɗaya "lauya" ki ce wa ɗaya "tsohon nan". Da irin wannan ƙaramar kalmar ake yanke hukunci ba a sani ba.

To, kin ɗauka na yi hankali daga nan? Ina! Na fito gidan Baba Danjuma na zama sojansa. Farar rigar nan na mai da ita tsumman goge tebur. Na bi layi ina cewa Isiyaka ya zo ne ya sayar da mu ga manyan 'yan kasuwa. Rannan sai ga shi ya tsaya a gaban teburina, ba fushi a fuskarsa. Ya ce, "Sani, rannan kai ka fi kowa tafi, yau kai ka fi kowa zagi. Ni dai maganata tana nan inda na bar ta. Ajiye wuƙar, zo mu je ka ga wani abu."

Ya ja ni muka gangara ƙasan mayanka, inda rafin ya yi kwana. Na sha wucewa ta wurin, ban taɓa tsayawa na duba ba. Jini da ƙazantar tumbi duk nan suke sauka, ga mata suna wanki a ƙasa kaɗan, wasu har suna ɗibar ruwa a bokiti. Ya ce, "Da damina ɗan ƙanwata ya sha wuya da gudawa, da kyar ya tashi. Gidansu ga shi can. Ni ba firji ne ya dame ni ba, Sani. Wannan ne."

 Ashe shi ma tsoro ne ke sa shi magana, irin na Baba Danjuma, sai dai kowa da mutanen da yake tsoro dominsu.

Abin da nake so ki ɗauka a nan: maganar da kika ji a ƙarshe ita ta fi zama a kunne, ba don ta fi nauyi ba, sai don ita ce sabuwa. A muhawararku ma ɗaya ne zai rufe. Kada ki yi irin tawa, duk wanda ya kama hannuna in bi shi. Ki ɗan jinkirta, ki sha ruwa, ki dawo da maganar wanda ya fara ki ajiye ta kusa da ta wanda ya rufe. Ki kuma nemo abin da kowannensu yake tsoro. Sau da yawa ɗan takara ba ya faɗin sa kai tsaye, amma yana nan cikin maganar da yake yawan komawa kanta. In kika gaya wa masu sauraro wannan, kin ba su abin da ya fi "wane ya kayar da wane".

Ranar zama na biyu ban zauna a gaba ba. Kaina ya ɗaure, na koma can baya kusa da inda mata masu tuwo suke tsaye. Daga nan ne na ga abin da ban gani ba a zaman farko. Rabin masu yi wa Isiyaka tafi ba mahauta ba ne, abokansa ne na tasha. Masu yi wa Baba Danjuma kabbara kuma har da surukansa manoma. Tun daga ranar na daina auna magana da ƙarar tafi. Tafi yana gaya miki wanda ya fi gayyato mutane ne kawai. In kika ji zauren muhawara ya ɗauka, ki tambayi kanki, da a ce babu kowa a wurin sai ke, maganar za ta tsaya da ƙafarta?

Suka maimaita abin da suka faɗa a baya, kowa ya fara hamma. Sai wata yarinya daga cikin mata ta ɗaga murya. 'Yar mai tuwon bakin tasha ce, Bakotokola, ba Bahaushiya ba, ta zo karɓar wa uwarta nama ta tarar duk mahauta suna taro. Lokacin Hausarta ba ta gama nuna ba, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. Ta ce, "Baba Danjuma, kana cewa gado, gado. Ƙudan da yake zama a kan nama, shi ma gadon kakanni ne?"

 Kafin ya amsa ta juya ta ce, "Kai kuma Isiyaka, in wuta ya ɗauke, naman wa zai ruɓe a firji, naka ko namu?"

Wasu suka fara cewa wa ya ba yarinya baki a taron maza. Baba Danjuma ya ɗaga hannu ya tsayar da su, ya yi dariya ya ce, "A'a, 'yata, ƙuda ba gado ba ne. Sakacinmu ne." Da aka ce to me zai yi a kai, sai ya ce za a duba. Ba shi da wata dabara a hannu. Isiyaka kuwa ya ɓata rai, ya kama Faransanci yana zagaye-zagaye, can sai ya tsaya da kansa ya ce, "Gaskiya ban yi tunanin wannan ba. Sai an nemi injin wuta, ban kuma san ko za mu samu ba."

Na karanta wa innarki wannan wurin yanzu, don ai kin gane ita ce yarinyar. Ta ajiye tiren wake ta ce in gyara. Wai Baba Danjuma ba dariya ya fara yi ba, sai da ya harare ta, sannan ya yi dariyar. Wai kuma ba ta taɓa cewa "wuta ya ɗauke" ba, ni na ƙara gishiri. Na farkon na yarda, na biyun kuwa ina nan a kan bakana. Amma kin ga, mu biyu muna wurin, kowa da abin da ya riƙe. Ku da kuke da na'urar ɗaukar murya, ki sake saurara kafin ki ce wane ya ce kaza. Kada ki dogara da abin da kika tuna.

Tambayar da mutum bai shirya mata ba, a nan ake ganin sa. Jawabin da ya haddace a gida na masu rubuta masa ne. Ki zuba ido lokacin da aka jefo musu abin da ba su zata ba. Wa ya amsa abin da aka tambaya, wa ya amsa abin da yake so a ce an tambaya? Wa ya iya cewa "ban sani ba"? Wa ya raina mai tambaya don mace ce, ko don ba ya jin Faransanci sosai? In ɗaya ya kauce, ba sai kin zage shi ba. Ki ce kawai, "An tambaye shi batun gonar gwauruwa, ya amsa da batun hanya." Masu sauraro ba yara ba ne, za su gane.

Aka yi zaɓe, Baba Danjuma ya ci da kyar. Abin da ya fara yi shi ne ya tafi gidan Isiyaka da ƙafarsa ya ce, "Ni ba ni da baki, kai ba ka da haƙuri. Zo mu je meri tare." Mayanka ba ta tashi daga inda take ba a lokacin, amma an zuba mata siminti, an haƙa rami an kau da ƙazanta daga rafi, an jawo famfo, aka kuma sa raga a kan tebura. Firji sai bayan shekaru ya zo, shi ma ba babba na kowa da kowa ba, ƙanana, kowa da nasa. Teburin da kika tashi kina gani na a bayansa, rabinsa na wannan ne rabinsa na wancan. Sun yi ta gardama har tsufa, kullum a kan benci ɗaya. Ranar da Baba Danjuma ya rasu, Isiyaka ne a gaban makara.

Wanda na zaɓa kuwa ba zan gaya miki ba. Innarki ta ce ta sani, ni na ce ba ta sani ba. Abin da kowa ya sani shi ne, daga ranar na kama zuwa rumfar tuwon bakin tasha, ina cin tuwon da ba na jin yunwarsa, har uwarta ta gaji ta ce in turo manyana.

Sai dai kada ki ɗauki labarin nan ki ce Baba ya ce kullum kowa yana da gaskiya daidai wa daida. Ban ce ba. Namu biyun Allah Ya sa mutanen kirki ne, naku ban san su ba. Akwai wata mafaka da matsorata ke shiga, su ce "kowa ya yi ƙoƙari", su tashi. Kada ki shige ta. Mai saye in ya zo teburina ba ya so in ce masa duk naman ɗaya ne. So yake in ce wannan na miya ne, wannan na tsire, wannan kuwa ya kwana, kada ka saya. In ɗaya ya faɗi abin da kika tabbatar ba haka yake ba, ki faɗa, ki kawo hujjarki. In lauyar ta fi ƙarfi a batun filaye amma ta yi rauni a wani wuri, ki faɗi duka biyun. In dattijon ne ya fi, ki faɗa ko da abokan aikinki za su ɗaure fuska. Ki dai raba abu biyu a fili: ga abin da suka ce, ga kuma yadda ni Balkisu na gani. Na farkon amana ne, ba ki da ikon taɓa shi. Na biyun naki ne, wanda ya ga dama ya ƙi.

Saura maganar Alhaji Idi. Ba sai kin ɓoye mini ba, ya kira ni da kansa. Bayan mun gaisa ya yi gyaran murya ya ce, "Sani, ka ɗan ja kunnen 'yarmu. Ta dai san gidan da take cin tuwo."

Na ce, "Alhaji, duk shekarun da na yi ina zuwa Dapaong sayen shanu a hannunka, ina kwana a ɗakinka, ka taɓa jin na ce ramammiyar saniya ta yi ƙiba don ina cin tuwonka?"

Ya ce, "Kai? Kai da ka kushe bijimina a gaban surukina!"

Na ce, "To, ka daina sayar mini?"

Ya ce, "Ina fa. Ai in kai ka ce dabba ta yi, har barci nake da daɗi."

 Sai ya fashe da dariya ya ce, "Wato ita ma haka za ta yi mini?"

Na ce, "Haka nake roƙon Allah."

Ya ce, "To shi ke nan, na jawo wa kaina. Ka gaya mata ɗakinta nata ne, ko me ta faɗa. Amma in ta kayar da ɗan takarata a rediyo, ta shirya, sai ta zauna ta kayar da ni a tsakar gida, ni kuma ba na gajiya. Hajiya ta riga ta ware zabin da za a yanka ranar, ko wa ya ci."

Kin ga wannan ɓangaren na sauke miki. Ki ci tuwonki da hannu biyu, ki gaishe shi da ladabi, in ya ja ki da gardama ki ba shi amsa a durƙushe amma kada ki janye gaskiyarki. Abokan aikinki kuwa ban san su ba, ba ni da lambarsu, ko ina da ita ma ba zan kira ba. Wannan naki ne. Wataƙila wasu su yi kwana biyu ba su yi miki magana ba. Ki ci gaba da gaishe su.

Yayanki ya ce akwai yadda za a kamo tasharku a waya daga nan. Na riga na gaya wa mutanen layi ranar muhawarar ba na yanka. Tun kina ƙarama ni nake zaunar da ke ina gaya miki yadda mutane suke da yadda ake jin maganarsu. Ranar nan ni zan zauna a kan tabarma, in sa kunne, in ji daga bakinki wanda ya fi cikin mutum biyun da ban taɓa gani ba. Kuma zan yarda da ke, Uwata.

Allah Ya buɗe miki ƙirji, Ya daidaita harshenki, Ya tsare ki daga sharrin mai yabo da na mai zagi. Allah Ya kiyaye fitarki da shigarki, Ya zaunar da arewacin ƙasar nan da mu baki ɗaya lafiya, Ya ba da shugabanci ga wanda zai ji tausayin na ƙasa. Ki gaishe da Alhaji da Hajiya da duk mutanen gidan. Kilishin da ke cikin ƙunshin da na haɗo da takardar nan na gida ne, yajin kuma innarki ta ce naki ne ke kaɗai.

Wassalam.

Ni ne babanki,
Sani Mahauci.